Audugar da ke Kunnen Kanari

Gidan rainon da ke bayan tashar mota sun bar kunnen yarinya 'yar shekara uku yana ruɓewa a hannunsu makonni. In ta yi kuka su ɗura mata maganin kashe ciwo, su ɗiga mata wani abu a kunnen da har yau ba su faɗi sunansa ba, su cusa mata auduga kafin uwarta ta zo ɗauka. Da abin ya fito fili, sai suka ce man kitson gwaggonta ne ya gangara ciki.

Gwaggon da aka ɗora wa jakar tsabar, kowa a layin Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Kitso take yi a ƙarƙashin matattakalar benen da take haya. Kayan aikinta ba su da yawa: tabarma, kujera 'yar tsugunne, kibiya, mataji da kwalbar mai. Tun rasuwar mijinta da wannan take ci. Da wannan kuma ta ƙarasa rainon ƙaninta bayan mahaifiyarsu ta rasu, har ya zama direban motar kaya ya yi aure.

Kunnenta na hagu ba ya ji. Tana yarinya ya yi ta zubar da ruwa, manya suka ce a bar shi zai bushe da kansa. Ya bushe kuwa, ya tafi da jin gaba ɗaya. Shi ya sa in kana mata magana take karkato kai, ta kafa wa bakinka ido kamar mai neman ƙarya a tsakanin haƙoranka. In mata biyu suka yi ƙus-ƙus a gefenta na hagu, to a ganinta da ita ake. Ta taɓa tsare maƙwabciyarta a bakin famfo a kan ta ɗauke mata mataji, ana cikin cacar baki matajin ya faɗo daga ɗaurin zanen Gwaggon kanta. Layin bai manta ba. Duk lokacin da Gwaggo ta ce ranta bai kwanta da wani abu ba, sai wata ta ce, "Gwaggo, kin duba zanenki?"

Yarinyar 'yar ƙanin nata ce, wanda shi ma a saman benen yake zaune da matarsa. Gwaggo ce ta sa mata Kanari, saboda tun kafin ta iya magana bakinta ba ya rufuwa. Uwar tana aiki a kamfanin ɗinki, inda in mace ta tashi daga kan keke kafin lokaci sai ta yi bayani a gaban mutum biyu. Gwaggo har yanzu Amarya take ce mata, duk da auren ya daɗe da tsufa. Da yarinyar ta isa yaye, Gwaggo ta ce a bar mata ita. Amarya ta ce ƙarƙashin bene ba wurin yaro ba ne, ga kibiya ga gashi ko'ina. Aka kai ta gidan raino.

Mai gidan rainon, wadda kowa ke ce wa Madam, da magana ɗaya take cika ɗakunanta. Duk uwar da ta zo duba wuri sai ta dafa kafaɗarta ta ce, "Mu nan ba ma kiran uwa daga wajen aiki. Ki je ki yi aikinki hankali kwance." Matan kamfani suna son wannan magana kamar me. A wasu gidajen, da jikin yaro ya ɗan yi ɗumi za a kira ki a waya. Gwaggo tun ranar da aka maimaita mata maganar ta ce, "To in yaron ya yi ciwo fa, wa suke kira?" Aka yi dariya aka wuce.

Kanari ta yi mura, kamar yadda yaran gidan raino ke yi a jere. Murar ta lafa, sai rigima. Da safe ta ƙi abinci, ta riƙa jan kunne tana ƙananan koke-koke. Amarya ta tambaya, Madam ta ce lafiya lau take wuni, rigimar shekara uku ce. Da yamma kuwa in an ɗauko ta, luf take a baya kamar an jiƙa tsumma. Bayan 'yan kwanaki kukan ya tsaya cak. Amarya ta yi hamdala.

Ranar hutun mako aka kawo wa Gwaggo ita tsifa. Ta kwantar da kan a cinyarta, ta fara daga ƙeya. Da ta zo gefen hagu sai wani wari ya bugi hancinta, warin da ta sani tun tana ƙarama, wanda yara suka riƙa toshe mata hanci a kansa a aji. Ta ajiye kibiya. Ta juya kan yarinyar wajen haske. Can ciki akwai wani abu fari da ya rine ya koma ruwan ɗorawa. Ta sa farce ta jawo bakinsa a hankali. Auduga ce, an murza ta siririya kamar lagwanin fitila, an tura ta yadda ba za a gani daga waje ba.

"Amarya!"

Amarya na sama tana shanya. "Na'am, Yaya?"

"Sauko ki ga aikinki."

Ta sauko da hannu a jiƙe. Ta kalli audugar a tafin Gwaggo, ta ja da baya.

"Mene ne wannan?"

"Ni za ki tambaya? Daga kunnen 'yarki na ciro."

"Wallahi ban sa mata komai ba."

Gwaggo ta karkato kunnen dama, ta zuba wa bakin Amarya ido. "Sake faɗa."

"Na ce ban sa ba. Yaya, ni mahaukaciya ce?"

"Tsohuwarki fa? Ba ta zo makon jiya ba? Ita ce mai ɗiga wa jikoki abubuwa."

"Mama ko ɗaukarta ba ta yi ba, ƙafa ke damunta. Ke dai sai kin samu wanda za ki kama."

"To audugar da ƙafarta ta shiga?"

Kanari na zaune a tsakaninsu da rabin kai a tsefe, tana wasa da murfin kwalba. Gwaggo ta ce a kai ta asibiti gobe. Amarya ta ce gobe akwai aiki, kuma layin asibiti wuni ne guda, kuma ga shi yarinyar ta daina kuka. Gwaggo ta ce nata kunnen ma da ya fashe ya daina ciwo. Amarya ta ce bari dai ta fara tambayar Madam.

Ta tambaya. Ta dawo da yamma fuska a ɗaure, ba ta ko tsaya a ƙarƙashin benen ba. Ƙanin ne ya zo daga baya, ya tsuguna a gefen tabarma yana juya makullin mota.

"Yaya, wai wane irin mai kike shafa wa yaran nan?"

"Wanda na shafa maka har ka yi gemu."

"Madam ta ce sun sha ganin haka. In an cika mai a kitso, rana ta narka shi, sai ya bi ta kunne. Ta ce a huta da kitson, zai bushe."

"Audugar fa? Ita ma rana ce ta narko ta?"

"Ta ce ba ta san zancen auduga ba. Ta ce wataƙila..."

"Faɗi mana. Bakinka nake kallo."

"Ta ce wataƙila ke kika sa don man ya daina shiga, kika manta."

Gwaggo ta daɗe tana kallonsa. Wannan yaron ta goya. Ta ce, "Kai kuma ka yarda."

"Ban ce na yarda ba. Amma kin san ki da mantuwa. Mataji..."

"Tashi ka ba ni wuri."

Maganar ba ta kwana a gida ba. Madam ta faɗa wa iyaye a bakin ƙofa, cikin muryar mai ba da shawara, cewa a riƙa lura da masu kitson kan hanya. Cikin mako guda matan kamfani suka janye 'ya'yansu. Gwaggo ta koma zama da kibiya a hannu tana kallon masu wucewa. Kowa ta gani sai ta ga kamar ya ji. Mai shago ya gaishe ta, ta ce a ranta yau gaisuwar ta yi tsawo. Har kwalbar man ta ɗauko ta shinshina, ta shafa a bayan hannunta, ta sa a rana ta ga ko zai gudu. Bai gudu ba. Amma ranta ya kasa sakewa, don ta san halinta, ta san sau nawa ta rantse a kan abu ya zama ba haka ba.

Rashin masu kitso bai dame ta kamar abin da take gani da yamma ba. In Amarya ta wuce da Kanari za su hau sama, Gwaggo takan kira yarinyar daga baya. Da, tun daga bakin layi za ta jiyo "Gwaggo! Gwaggo!" Yanzu sai ta kira sau biyu, sau uku, yarinyar ta waiwaya ta wajen da ba nan aka kira ta ba. Wata rana ta ga ta karkata kai tana sauraron uwarta. Haka Gwaggo ita ma take yi. Kanta ta gani.

Wata mai wanki a layin ce kaɗai ba ta janye 'yarta ba. Ita ba ta da lokacin sauraron shawarar bakin ƙofa, kuma 'yarta gashi ne da ita kamar na mutum biyu. Ta kawo ta da hantsi ranar hutu, ta ce, "Gwaggo, ko man inji za ki shafa mata ki shafa, ni dai a kama kan nan." Yarinyar ita ma a gidan Madam take wuni. Gwaggo ta kitse gefen dama. Da ta juya kan, sai ta tsaya. Ta sa farce.

Siririya, a murɗe kamar lagwani, an tura ta can ciki. Hannu ɗaya ne ya murza ta da waccan.

"Ke kika sa mata wannan?"

Mai wanki ta leƙo. "Ni? Ina na ga auduga? Ni sabulu na sani."

"Yaushe rabon da in yi mata kitso?"

"An kwana biyu. Kin ga ai yadda ya cukurkuɗe."

"To riƙe wannan a bakin zanenki. Kada ki yar. Kuma ki kai ta asibiti."

Washegari Gwaggo ba ta shimfiɗa tabarma ba. Ta bari sai da rana ta karkata, lokacin da ta san saura kaɗan iyaye su fara zuwa, ta yafa mayafi ta nufi bayan tasha. Ƙofar gaba a kulle take, sai an buga. Ta zagaya ta baya inda ake fitar da shara, ta same ta a sakaye.

Ɗakin dogo ne, an jera ƙananan katifu a ƙasa, fanka na juyawa a sama. Yaran na zaune a jikin bango. Wata mai raino, babbar mace mai rigar aiki shuɗiya, tana bin layin da kwalba ɗaya da cokali ɗaya. Ba kowa take ba ba, tana zaɓa: wannan mai hawaye, wancan mai zafin goshi. Ko ɗauraye cokalin ba ta yi. Da ta zo kan Kanari ta ajiye kwalbar, ta kwantar da kan yarinyar a gwiwarta, ta goge kunnen da tsumma, ta zaro wata ƙaramar kwalba daga aljihu ta ɗiga. Sannan ta yago auduga, ta murza ta a tsakanin tafukanta.

"Sannu da aiki," in ji Gwaggo.

Matar ta zabura har cokalin ya faɗi. Ƙaramar kwalbar ta koma aljihu kafin Gwaggo ta taka biyu.

"Baiwar Allah, wa ya ba ki izinin shigowa?"

"Me kika ɗiga mata?"

"Ki je ofis ki yi magana da Madam."

"Ke nake tambaya, ke na gani. Fito da kwalbar."

Madam ta fito da kanta, da tabarau a goshi da murmushi a baki. Ta kalli Gwaggo daga sama har ƙasa.

"Au, Gwaggo mai kitso ce. Ai da kin bi ta gaba an ba ki kujera."

"Ba zama na zo yi ba. Me kuke zuba wa yarinyar nan a kunne?"

"Goge mata ake yi. Ɓarnar da aka yi a waje muke gyarawa, ko godiya ba a yi mana."

"Na ga kwalba."

"Kin ga kwalbar maganin zazzaɓi, wanda kowace uwa ke da shi a ɗakinta." Madam ta matso ta gefen hagun Gwaggo, ta rage murya, ta ce wani abu. Mai rainon ta yi 'yar dariya.

Gwaggo ta juyo gaba ɗaya. "Dawo ta nan ki faɗa. Wancan kunnen irin aikinku ne ya kashe shi."

Ta sunkuya ta ɗauki Kanari. Madam ta ce ba a ba da yaro sai ga wanda ya kawo shi. Gwaggo ta ce Madam ɗin ta kira 'yan sanda, ita ma tana da abin nuna musu. Ba wanda ya tare ta. A bakin tasha ta kira ƙaninta a waya.

"Ina hanyar asibiti da 'yarka. In ka ga dama ka zo, in ka ga dama ka je ka tambayi Madam ko ta yarda ka zo."

Ya zo. Amarya ma ta zo, da zare a jikin rigarta, ta tashi daga kan keke ba tare da ta yi wa kowa bayani ba. Likitar, wata mace mai furfura a goshi, ta haska kunnen da 'yar fitilarta ta daɗe tana dubawa. Ta tsotse ruwan da wani siririn bututu, ta sake dubawa. Ta danna ƙashin bayan kunnen ta ga ko yarinyar za ta yi ƙara.

"Tun yaushe yake zuba?"

Amarya ta kalli mijinta. Ba ta sani ba.

Likitar ta ce ciwon a bayan dodon kunne ya fara, bayan murar. Mugunya ta taru har ta huda dodon ta fito, shi ya sa kukan ya tsaya. Ta ce maganin kashe ciwo ba laifi ba ne in an auna shi daidai da yaron, kuma sau da yawa irin wannan ciwo yana wucewa cikin 'yan kwanaki. Amma kunnen da ya kai ga zuba, likita yake nema, ba toshewa ba. Audugar ta tare ruwan a ciki ya yi ta cin wurin.

"Man kitso fa?" in ji ƙanin, idonsa a ƙasa.

"Wane man kitso? Daga ciki abin ya taso." Ta juya ga Gwaggo. "Kin ce kin ga ana ɗiga mata wani abu. Mene ne?"

"Ƙaramar kwalba ce. Ban ga rubutun ba."

"Ina so in sani. Akwai magungunan ɗigawa da ba a so su shiga kunnen da ya huje, don suna iya taɓa jin da kansa. In na san abin da aka sa da tsawon lokacin da aka yi ana sawa, zan san abin da nake tsoro."

Ta rubuta magani, ta ce a ƙarasa shi ko da ruwan ya tsaya. Kada ruwan wanka ya shiga, kada a cusa komai, a goge abin da ya fito waje kawai. Hujin yana iya rufewa da kansa in wurin ya bushe, yana iya ƙi. Sai ya bushe za a gwada jin.

A hanyar fita Amarya ta kama gefen mayafin Gwaggo. "Yaya."

"Riƙe 'yarki da kyau, akwai mataki."

Ƙanin ya koma gidan rainon neman kwalbar. Madam ta ce babu wata kwalba, ba a taɓa yi ba. Mai rainon mai shuɗiyar riga kuma, wai ta tafi ganin gida. Mai wanki ta kai tata audugar ta ajiye a kan teburin ofis, Madam ta ce auduga ai ko'ina ana sayarwa. Ƙanin ya je ofishin da ke ba gidajen raino izini, aka ce mai kula da sashen yana taro, a dawo.

Yanzu Kanari a ƙarƙashin bene take wuni. Ruwan ya ragu, bai tsaya ba tukuna. Gwaggo ce ke ba ta magani, ita ke mata wanka da tafin hannu a kife a kan kunnen. Masu kitso sun fara dawowa ɗaya-ɗaya, ba wadda ta ce a yi haƙuri, kuma kowace yarinya aka kwantar mata a cinya sai ta fara leƙa kunnuwan kafin ta taɓa gashin. Wani lokaci tana cikin kitso sai ta kira sunan Kanari a hankali daga gefen hagu, ta tsaya da kibiya a sama tana jira. Wata rana yarinyar ta juyo, wata rana ta ci gaba da wasanta. Gidan rainon kuwa a buɗe yake, katifun a cike.

Madam, likita na jiran sunan abin da ke cikin ƙaramar kwalbar nan. Ki fito da ita, ko ki faɗi sunanta da ranar da aka fara ɗigawa. Ki kira iyayen duk yaron da aka cusa wa auduga a ɗakin nan, ki gaya musu da bakinki, ko da daga wajen aiki za su taso. Ki tsaya a ƙofar da kika ɓata sunan mai kitso ki janye maganarki. Ku kuma masu ba da izini, in taron ya ƙare, ku zo da yamma kafin iyaye su iso, ku shiga ta ƙofar baya, ku sa masu rainon su juye aljihunsu a gabanku.